Ziyarar Kufan Zungeru da Kyamara

A hutun makaranta na ɗauki kyamarata na tafi Zungeru, garin da Hausawa ke kira Dungurum, a Jihar Neja, bakin kogin Kaduna. Dalilin tafiyar kuwa shi ne, na daɗe ina koya wa yara labarin wannan gari, amma ban taɓa ganinsa da idona ba. Wata rana wani yaro ya tambaye ni, "Malam, gidan Gwamnan yana nan har yau?" Na rasa amsa, kunya ta kama ni.

A shekarar 1902 ne Gwamna Lugga ya taso daga Jebba ya kafa hedkwatar mulkin Arewa a nan. A nan aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe a 1904. Da aka mai da hedkwata Kaduna a 1917, sai gari ya fara komawa baya. Har ƙaramar gadar ƙarfe da aka gina a 1904 an kwance ta daga baya an kai Kaduna.

Da isata na fara zuwa gaida mai unguwa, domin baƙo ba ya shiga kango ba da izini ba. Ya haɗa ni da wani dattijo ya yi mini jagora. Muka fita da sassafe, don hasken safiya ya fi kyau ga hoto. Rana in ta take, takan shafe zanen bango, ta bar inuwa baƙi ƙirin.

Abin da na tarar ya sa jikina ya yi sanyi. Inda a dā ake yanke hukuncin ƙasa guda, yanzu sai ginshiƙai tsaye ba rufi, ciyawa ta kai ƙugu, ƙadangaru na shan hantsi. Na matsa kusa da wani bango don in ɗauki jerin duwatsunsa, sai dattijon ya riƙe mini hannu, ya ce, "Malam, dakata." Ya buga ciyawa da sanda, sai ga maciji ya sulale ya shige rami. Tun daga nan ban ƙara wuce shi ba.

Muka zaga makabartar Turawa. Waɗansu duwatsun kaburbura rubutunsu ya fara gogewa. Na tsuguna gefe, inda haske ke bugun dutsen a karkace, sai haruffan suka fito. Dattijon ya nuna mini wani fili ya ce yana yaro akwai bango a wurin, amma damina da masu neman dutsen gini sun cinye shi. Ba wanda ya ɗauki hotonsa.

Wannan magana ita ce ta biyo ni har gida. Mai karatu, kusan kowane gari yana da nasa kufai: tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ganuwa, ko ajin farko na makarantarku. Ka je ka ɗauka tun yana tsaye, ko da wayar hannu ce. Nemi izini, sa takalmi mai rufi, kada ka hau bango, kada ka ɗauke ko tsakuwa. In ka wanke hoton, rubuta sunan wurin da kwanan wata a bayansa, da abin da tsofaffi suka gaya maka.

Da aka koma makaranta na manna hotuna shida a allo. Yaron nan ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Malam, yaushe za ka kai mu?"