Kukan jirgin Helsinki

A Helsinki, babban birnin Finlan, idan tsofaffin taragan jirgin ƙarƙashin ƙasa masu ruwan lemo suka tashi daga tasha, wani kuka ne ke fitowa daga ƙarƙashinsu, ya yi sama, ya yanke, ya sake ɗaukowa. 'Yan gari ko ɗaga kai ba sa yi. Ni kuwa na kasa kunne, domin mai kukan ita ce ta kawo ni: na'urar sarrafa gudun injin lantarki, wadda masu sana'a ke kira VFD.

Tun 1982 da aka buɗe layin take jan waɗannan taragai. Kamfanin Strömberg ne ya ƙera ta, a hannun injiniya Martti Harmoinen da abokan aikinsa, suka raɗa mata suna SAMI. Strömberg ya narke cikin kamfanin ABB, amma har gobe ana haɗa irinta a unguwar Pitäjänmäki, ana kai wa masana'antun takarda da gidajen ruwa.

Wutar lantarkin gari tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, a Finlan kamar a Najeriya, kuma wannan kai da komon ne ke yanke wa inji gudunsa. Irin wanda aka fi gani a masana'anta zai riƙa juyi kusan 1,450 a minti, ko ana bukata ko ba a bukata. A da, idan ruwan famfo ya yi yawa, sai a matse bakin bututu, inji na ta faman aiki: mahayi ne ke zaburar doki yana kuma jan linzami. VFD kuwa takan karɓi wutar, ta miƙar da ita ta daina kai da komo, ta tara ta, sannan wasu ƙananan makunnai su riƙa kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, har su haɗa sabuwar wuta mai kai da komo sau 20, ko 35, ko yadda aikin ya nema. Ƙarfin wutar ma yana sauka tare da gudun, don kada inji ya yi zafi. Kunnawa da kashewar nan ce kunne ke ji a tasha.

Ribar ce ta fi taɓa ni. Famfo ko fanka da aka rage wa gudu da kashi 20 cikin ɗari, kusan rabin wutar da yake sha a da zai sha. Ga shi inji yana tashi sannu a hankali, ba ya fizgar wuta ninki shida wajen kunnawa, bel da bututu su daɗe. Idan aka tuna cewa injinan lantarki na shanye sama da kashi 40 cikin ɗari na wutar duniya, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Sai dai tana da abokan gaba, zafi da ƙura. Sanyin Finlan ya rufa mata asiri. Masu haɗa famfon sola a rijiyoyin burtsatsenmu, waɗanda suke kafa 'yar'uwarta a jikin bango, dole su nema mata inuwa da iska, su riƙa kaɗe mata ƙurar hunturu.