Ranar da Baba ya ce "an fitar da mu"

Yau zancen ƙwallo na zo da shi, amma a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Ni a Hausari aka haife ni, a nan Maiduguri. Baba Bakano ne, fatauci ya kawo shi, yana sayar da atamfa a Monday Market tun kafin ya auri Inna. Ko sunan Kano Pillars aka ambata sai ya ɗaga hannu ya ce "Sai masu gida!" Ni kuwa El-Kanemi Warriors na tashi ina so. A makaranta abokaina Barebari suna kirana Afuno, idan mun je Kano hutu kuma 'yan'uwa su ce ga ɗan Barno ya iso. Ko'ina baƙo nake.

Baba yana da tsohon miki game da El-Kanemi. A 1991 su ne suka doke Pillars a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, suka sake ɗaukar kofin a 1992. Daga nan sai wahala. Lokacin rikicin Boko Haram sai da ƙungiyar ta bar gari tana buga wasanninta na gida a wasu jihohi. A 2023 ta faɗa rukuni na biyu, kuma a watan Fabrairun shekarar ne gobara ta cinye kasuwarmu, har da shagon Baba.

A watan Yunin 2024, ƙarƙashin koci Aliyu Zubairu, muka doke Abia Warriors da ci 2 da nema a Legas, kofi ya dawo Yerwa bayan shekara 32, ga shi kuma mun koma babban rukuni. Wallahi a daren ban yi barci ba.

Murna ba ta daɗe ba. A watan Agusta aka haɗa mu da Dadje ta Jamhuriyar Benin a gasar Afirka. Wasan da ake kira namu na gida ma a Ikenne ta jihar Ogun aka buga shi, nesa da 'yan kallonmu. Tun zagayen farko aka yi waje da mu. Ina zaune a shago, na kasa ko auna yadi, sai Baba ya dube ni ya ce, "To, an fitar da mu ke nan?"

Na ce, "Baba, mu kuma?"

Ya ce, "Shekara nawa ina cin abincin garin nan? Tashi ka sallami mutane."

Ko wata ɗaya ba a yi ba, ranar 10 ga Satumba, madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga kasuwa ya lalata kayan da Baba ya karɓo bashi bayan gobara. 'Yan'uwa suka yi ta waya daga Kano cewa mu tattara mu koma gida. Baba ya ce yana gida.

Ban yaudari kaina game da El-Kanemi ba. Ƙungiya ce ta gwamnatin jiha, ƙarfinta yana bin kuɗin da aka ware mata. Yaro yana fara haskawa masu kuɗi za su ɗauke shi. Cin kofi a wasa ɗaya daban, jure kaka guda ana bin doguwar hanya daga Maiduguri zuwa kudu daban. Idan ana son ɗorewa, sai an riƙe 'yan wasa, an raini yaran unguwanni, an gyara fili yadda baƙi daga waje za su zo su same mu a gabanmu.

Mu ma da muke zaune a nan akwai namu. Wanda ya ci riba a garin nan, ya sayi tikiti ya shiga fili. Ni dai na riga na saya wa Baba riga. Bai sa ba tukuna, amma bai mayar mini ba.

Allah Ya zaunar da Borno lafiya, amin.