BAƘUWA A GINDIN RANDA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da ruwa Ya rayar da ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai mai karatu, ɗalibi ne kai ko mahaifi, a wannan fitowa ta mujallarmu ina so in ɗan kauce daga nahawu da fiƙihu, in yi maka bayanin wata 'yar tsiro da nake reno a ɗakin karatuna shekara biyu ke nan. Yaran ajina sun dame ni da tambaya a kanta, wasu iyaye kuma sun ji labari sun ce me ya haɗa malamin Larabci da fulawa. To ga amsa ga kowa da kowa, in sha Allahu.

Wannan tsiro ba ta da suna da Hausa, domin ba 'yar ƙasarmu ba ce. Masana tsirrai suna ce mata Ludisia discolor, tana cikin dangin da ake kira okid. Dangi ne babba ƙwarai, an ƙidaya kusan iri 28,000 a cikinsa, har ma banila da ake sa wa kek da alawa ƙamshi daga wata 'yar'uwarta ake samu. Asalinta dazuzzukan gabashin duniya ne, kamar kudancin Sin da Tailan da Malesiya da Indunusiya da Filifin. Yawancin danginta saboda furensu ake son su, amma ita saboda ganyenta. Ganyen duhu ne, tsakanin kore da ja, mai laushi kamar karan-miski, da layuka siri-siri masu launin jan ƙarfe sun ratsa shi tun daga tushe har baki. Duk wanda ya taɓa ganin zayyanar allo ranar saukar karatu zai ce hannu ne ya zana. Wani abokina da muka yi karatu tare ya sayo mini ita wajen masu sayar da furanni a Abuja, yaran aji kuwa suka raɗa mata suna Baƙuwa, sunan kuma ya bi ta.

Ai kuwa baƙuwa ce ta gaske. Ka duba inda ta fito. A can tana rarrafe ne a ƙasa, ƙarƙashin manyan itatuwa, rana ba ta taɓa ta sai ta tsakankanin ganye, ruwan sama kuma a wasu wuraren ya wuce milimita 2,000 a shekara, iska kullum da danshi. Mu kuwa nan Wurno da Rabah da Goronyo, abin da muke samu bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, shi ma daga Yuni zuwa Satumba. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, alhali ita ta fi jin daɗi tsakanin 16 da 27. In hunturu ya kama, leɓen mutum ma tsagewa yake, balle ganye. Saboda haka duk wanda ya karɓi irin wannan baƙuwa, sai ya fara tambayar yaya gidansu yake, sannan ya yi ƙoƙarin kamanta mata shi gwargwadon hali.

Abu na farko shi ne wurin zama. Mun saba cewa shuka rana take so, haka ne ga gero da albasa. Amma wannan in ka kai ta tsakar gida, kafin azahar ta ƙone. Haske take so, ba zafin rana ba. Na samar mata wuri a ɗakin ƙasa, kusa da taga mai kallon arewa, a gindin randar ruwan sha. Kowa ya san wurin nan da iyayenmu mata suke zuba yashi su girka randa a kai. Randa tana zufa, yashin kullum da laima, kuma babu inda ya fi nan sanyi a gida duka. Hikimar kakanninmu ce ta sanyaya ruwa, ga shi ta zame wa 'yar dajin Malesiya masauki. Ɗaki mai rufin kwano ba tare da silin ba kuwa, kada ka soma.

Abu na biyu shi ne ƙasar da za a dasa ta. Lakar fadama tana da albarka ga shinkafa, amma ga wannan kisa ce, domin tana riƙe ruwa ta shaƙe saiwa. Saiwarta tana so ta sha iska. Abin da nake haɗa mata shi ne ruɓaɓɓen ganye da ya koma ƙasa, da yashi mai tsakuwa, da dakakken gawayi, da ɗan ɓawon gyaɗa wanda ya daɗe. Kasko mai faɗi ya fi tukunya mai zurfi, tunda ita gefe take tafiya, ba ƙasa ba. Lallai ne a huda gindin kaskon don ruwa ya fita. Ɗanyen takin dabbobi yana ƙone ta, kada a sa.

Abu na uku shi ne ruwa, kuma nan ne mafi wuya. Ka sa yatsa cikin ƙasar kamar gaɓa ɗaya. In ka ji laima, ƙyale ta. In ka ji ta soma bushewa, ka zuba har ya ɗiga ta ƙasa, sannan ka dakata. Ruwan sama ya fi mata, shi ya sa nake tara shi a jarka da damina. Ruwan wasu rijiyoyi yana da kanwa-kanwa, in ka ga farin abu yana taruwa a bakin kasko, to alamarsa ke nan. Ruwan sabulu ko na omo ba ya zuwa kusa da ita. Ka sani kuma, irin waɗannan tsirrai yawan ruwa ya fi kashe su fiye da ƙishirwa. Yaro mai sonta ƙwarai zai riƙa ba ta ruwa safe da rana da dare, sai kara ya yi laushi ya ruɓe, shi kuwa yana cewa ai kyautata mata yake.

Mu mutanen bakin Rima bai kamata a koya mana wannan ba. An gama gina madatsar Goronyo a 1984, aka buɗe ta a 1992, kuma lambuna da yawa da ita suke rayuwa. Amma a watan Satumba na 2010 ruwa ya yi yawa, ambaliya ta ci garuruwa da gonaki, mutane suka kwana a makarantu. A 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya har ya rage kusan kashi ɗaya cikin goma, masu noman rani suka shiga damuwa. Ruwa ɗaya, in ya wuce kima masifa, in ya gaza masifa. Abin da ya faru ga ƙasa guda, shi ne yake faruwa a cikin kasko.

Kowane lokaci na shekara da irin hidimarsa. Da damina ba ta da matsala, sai dai a rage ban ruwa. Da hunturu ƙura takan lulluɓe ganyen, ba a gogewa da tsumma, sai a hura da baki ko a share da gashin kaza a hankali. In iska ta bushe ƙwarai nakan kifa mata babban bokitin roba mai haske don ya tsare danshi, in buɗe shi kullum ta sha iska. A lokacin sanyin nan ne takan fitar da wani dogon tsinke mai ƙananan furanni farare da ɗigon rawaya a tsakiya. Tawa sau ɗaya ta yi, yara kuwa har layi suka yi don kallo. Bazara ita ce jarrabawa. Daga Maris zuwa Mayu takan yi yaushi, ta zubar da wasu ganyaye, ko da na rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Ba na ɓoye maka, kowace bazara ba ni da tabbacin za ta kai damina. Saboda haka nakan yanki reshe mai gaɓa biyu ko uku in kwantar da shi kan ƙasa mai laima a wani kasko, bayan 'yan makonni sai ya yi saiwa. In uwa ta tafi, ɗiya tana nan. Sai kuma a yi hattara da gara, da wani farin ƙwaro mai kama da auduga da ke ɓuya a hammatar ganye, da kaji, da uwa-uba akuya.

Yanzu sai maganar iyaye. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini, "Malam, wanga abu ba ci ba, ba magani ba, ba inuwa ba. Ina amfaninai? Ruwan da mata ke wahalar ɗebowa ne za a ba ganye?" Magana ce mai nauyi, ban raina ta ba, domin addininmu ya hana almubazzaranci ko da a alwala ne. Na ce masa, Baba, ruwan da take sha a mako bai kai cikin buta ɗaya ba. Amfaninta kuwa, Allah bai halicci kome a banza ba, kuma Ya umurce mu da yin tunani a kan halittarSa. Yaro yakan haddace cewa Allah ne Mai sura, amma ranar da ya durƙusa ya ƙura wa ganyen nan ido, ya ga babu layin da ya hau kan ɗan'uwansa, sai ka ji ya ce Subhanallahi ba tare da an ce ya faɗa ba. Sanin tsirrai ma ba baƙon abu ba ne ga malamanmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗi, ya rasu a nan a 1837 kuma hubbarensa yana tare da mu, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da wanda ya yi a kan filasko. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce a kawo masa ya gani.

Amma babban abin da na samu shi ne sanin amana. Gero a gona, in ka yi sakaci, wata rana hadari ya taimake ka. Abin da ka sa a kasko ka kai ɗaki kuwa, ka raba shi da ruwan sama da raɓa, ba shi da kowa bayan Allah sai kai. Ba ya kuka kamar akuya, ba ya bin ka kamar kyanwa. In ka manta da shi, shiru zai yi har ya mutu. Na raba wa yaran aji kwanakin duba ta, kuma a nan na gane halin wasu fiye da yadda na gane a jarrabawa. Akwai wanda ba ya cika magana a aji, amma ranarsa ba ta taɓa wucewa ba, har ran Alhamis da babu karatu yakan zo ya yi sallama ya sa yatsa a kasko ya koma.

Ku ma iyaye akwai rabonku a ciki. 'Ya'yanmu ba iri ɗaya ba ne. Wani kamar darbejiya yake, ko ina ka dasa shi zai tashi. Wani kamar Baƙuwa, in ka yi masa tsawa a gaban jama'a ya ƙone ke nan, sai an bi shi da lallashi a inuwa. Mai reno nagari shi ne wanda ya san me ke hannunsa kafin ya ɗauki buta.

Ba ina cewa kowa ya tafi neman okid ba. Tana da wuyar samu, tana da wuyar riƙo. Ɗana, 'yata, ku fara da abin da ƙasarmu ta sani. Ku sami gwangwani ko fasasshiyar tukunya ku dasa na'ana'a ko ɗaɗɗoya ko lalle ko zogale. Waɗannan kam rana suke so, sai a tsakar gida, a kewaye su da ƙaya. Ragowar ruwan alwala ya ishe su. Wanda ya iya riƙon gwangwani ɗaya shekara guda, shi za a ba dashen itace ya kai bakin masallaci ko harabar makaranta. Ƙasarmu tana bukata, domin kowa yana ganin yadda itatuwa suke ƙarewa a murhu, iska tana kwashe ƙasar gona. Darbejiyar nan da ta cika garuruwanmu ita ma baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, wasu ne suka yi haƙurin renonta muke shan inuwa. Ya kuma tabbata a Buhari da Muslim, daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, cewa Musulmin da ya yi dashe ko shuka, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga ciki ana rubuta masa ladan sadaka.

Duk ɗalibin da ya dasa wani abu, ya zo ya gaya mini sunansa da ranar da ya dasa, zan rubuta a littafi. Bayan damina za mu zagaya gida-gida mu gani, da izinin iyaye.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, ƙarama da babba. Ya ba mu damina mai albarka, Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.