Ko Kare Ya San Launin Fata?

A zamanin mulkin Turawa, kafin 1960, in mutum ya shiga bariki ya doshi gidan Bature, kare ya kan taso masa da haushi kamar zai cinye shi. Amma in wani Bature ne ya zo, sai ya tarye shi yana kaɗa wutsiya. Haka kuma in Di'o ya fita rangadi, karnukan ƙauye su kan dame shi da haushi, alhali kuwa mutanen gari suna wucewa ba su ko ɗaga kai. Saboda haka waɗansu suka ce wai ƙin bare a jini ya ke, tun da ga shi har dabba ta san nata.

To, amma fa akwai abin lura. Karen nan na Bature ba ya yi wa kuku da boyi haushi, su kuwa baƙar fata ne. Ashe abin da ya sani shi ne wanda ya saba da shi da wanda bai saba ba.

Kare ya fi dogara ga hancinsa bisa ga idonsa. Ƙwayoyin jin wari da ke cikin hancinsa sun fi miliyan 100, na mutum kuwa wajen miliyan 6 ne. Abincin da baƙo ke ci, da sabulunsa, da tufafinsa, da muryarsa, da irin tafiyarsa, duk kare yana lura da su. Kome ya zo masa sabo sai ya tsorata, tsoron kuwa shi ke fita da haushi. Wannan ita ce ƙiwuya irin ta jariri.

A 1965 waɗansu masana biyu na Amurka, Scott da Fuller, suka buga sakamakon bincikensu na shekaru a kan 'yan kwikwiyo. Sun gane cewa daga mako 3 zuwa wajen mako 12 da haihuwa ne kwikwiyo ya fi saurin sabo. In ya ga mutane iri iri a lokacin nan, da wuya ya ji tsoronsu in ya girma. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Sa'an nan kare yana duban ubangidansa. In ya ga ya ɗaure fuska ya ja igiya sa'ad da wani ya matso, sai ya ɗauka abokin gaba ne. Karnukan da 'yan sanda suka cuna wa baƙaƙen fata masu neman haƙƙinsu a birnin Birmingham na Amurka a 1963, ai umurni suka bi.

Watau dai ba a haifi kare da ƙin kowa ba, a gida ya ke koya. Magidanci mai hankali ya tuna cewa ɗansa ma haka ya ke duban fuskarsa duk ran da baƙo ya yi sallama.