Hanyar Timiya: duwatsun Abzin da garkuwar cikin mota

Timiya gari ne cikin duwatsun Abzin, arewa da Agadas. Tsakaninsu ya ɗara kilomita 200. Hanyar ba ta da kwalta. Tana bi ta Dabaga, ta wuce Elmeki, inda aka daɗe ana haƙar kuza, sannan ta kutsa cikin duwatsu.

Wanda ya saba da ƙasar Maraɗi ko ta Damagaram zai yi mamaki in ya zo nan. Ba gonakin hatsi, ba fili shimfiɗe. Sai baƙin dutse dama da hagu. A tsakanin duwatsun akwai ƙoramu masu rairayi. Da rani a bushe suke, mota ta bi ta cikinsu. A watan Yuli da Agusta kuwa ruwa kan sauko daga kan dutse da ƙarfi, ya mirgino manyan duwatsu, ya bar su a tsakiyar hanya. Wani dutsen rairayi ya rufe shi, kansa kaɗai ya leƙo. Shi ne direba ya fi tsoro.

A bakin ƙoramar Timiya Abzinawa suke da lambuna. Suna noman lemo da rumman da dabino da alkama da albasa. Ruwan rijiya suke ba su. Amfanin lambu kuwa sai ya kai kasuwar Agadas yake zama kuɗi. Ke nan arzikin mai lambu yana rataye ga lafiyar mota.

To, ina mota ta fi rauni? A cikinta. Ƙarƙashin inji akwai wata ƴar tukunya mai riƙe baƙin mai. Jikinta ba kauri. In dutse ya fasa ta, mai ya tsiyaye, inji ya yi zafi ya ƙone cikin ƴan mintoci. Bayanta akwai akwatin giya, da akwatin da ke raba ƙarfi ga ƙafa huɗu, da tankin mai. Kowanne ya fashe, tafiya ta ƙare. Lemo ya lalace a rana. In akwai maras lafiya a motar, abin ya fi haka muni.

Don haka ake ɗaura faifan ƙarfe a ƙarƙashin mota, ya zama mata garkuwa. Iri biyu aka fi sani.

Na farko baƙin ƙarfe ne, mai kaurin milimita 3 zuwa 5. Yana jure duka. Yana zamewa bisa dutse. In ya lanƙwashe, a buge shi da guduma ya miƙe. In ya tsage, kowane mai walda zai iya gyara shi. Aibinsa biyu ne: nauyi da tsatsa.

Na biyu alminiyam ne, irin wanda ake narkawa a zuba tukwane. In girmansu ɗaya, nauyinsa kashi ɗaya ne cikin uku na baƙin ƙarfe. Ba ya tsatsa. Amma yana da taushi, sai an ƙara masa kauri, kamar milimita 6 ko 8. Ya fi tsada. Dutse mai kaifi yana cin sa, kuma ba kowane mai walda ke da kayan aikinsa ba.

Wanne ya fi? Hanya ce za ta faɗa. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Agadas da Timiya, dutse ne abokin gabarta. Baƙin ƙarfe ya dace da ita. Wadda ta nufi gabas, ta ratsa Tenere zuwa Bilma, rairayi za ta tarar. Can nauyi shi ne cuta, don mota mai nauyi ita ke kafewa. Alminiyam ya fi mata.

Ɗaurin ma da nasa ilimi. A ɗaure garkuwa a jikin ƙashin mota, kada a ɗaure ta a jikin inji. A bar ɗan fili tsakaninta da tukunyar mai, don in ta sha duka ta lotsa kada ta taɓa tukunyar. A nutsar da kawunan notuna ciki, kada dutse ya sare su. A bar ƙofa ta juye mai, da ƙofofin shan iska. Kada kuma ta sauko ƙasa da yawa, ta riƙa karo da dutsen da a da mota ke haye shi lafiya. Wanda kuɗinsa bai kai ya rufe duka ba, ya fara da ƙarƙashin inji. Ya guji siririn kwanon rufin ɗaki. Araha ba ta ado.

Bayan kowace tafiya a leƙa ƙarƙashi. A kakkaɓe rairayi da busasshiyar ciyawa, don ciyawa kusa da bututun hayaƙi tana iya kama wuta. A duba notuna, a ɗaure wanda ya saki.

Manoman da suka haɗa kuɗi za su sayi motar ƙungiya, su sa kuɗin garkuwa cikin lissafi tun farko. Mai lambun da zai ɗora kayansa a motar haya kuma, ba laifi ya durƙusa ya dubi cikinta kafin a yi ciniki. Rigakafi ya fi magani.