Duwatsun Rano da Kibiya: Tsibirai a Tsakiyar Gonaki

A darasin labarin ƙasa an koya mana cewa tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ta kowane gefe. Mu 'yan Kano da muke nesa da teku mukan ɗauka sai an je Legas kafin a ga irinsa. Amma idan muka bi hanyar Bunkure muka nufi Rano, tafiyar kamar sa'a guda a mota daga birnin Kano, za mu tarar da wasu irin tsibirai a kan tudu. Su ne manyan duwatsun da suka taso a tsakiyar gonakin dawa da masara da gyaɗa, daga Rano har Kibiya da ke gabas da ita. Masana ƙasa suna kiran irin wannan dutse da kalmar Jamusanci, inselbag, wato dutse mai kama da tsibiri.

Waɗannan duwatsu sun girmi garin Rano nesa ba kusa ba, duk da kasancewarsa cikin Hausa Bakwai. Narkakken dutse ne da ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Sannu a hankali ruwa ya riƙa ruɓar da sassan da ba su da ƙwari yana kwashe su, masu taurin kuwa suka tsaya. Zafin rana da sanyin dare kuma suna sa dutsen ya riƙa ɓarewa kamar bawon albasa, shi ya sa muke ganin kawunansu a mulmule.

Yankin ya fi arewacin jihar samun ruwan sama. Damina takan faɗi wajen watan Mayu, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ɗauke a farkon Oktoba, kuma ruwan shekara yakan kai kusan milimita 1,000. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne da hazo, sai bazara a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40. Ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake yi ya taru a tsaguwa da gindin dutsen, tare da ganye da ƙurar da iska ta kawo. A nan ne itatuwa suke samun laima ko da rani. Tun da garma ba ta hawa dutse, wurin ya zama mafaka ga irin dajin da noma ya share a fili. A gona manomi yakan bar itatuwan da yake mora, kamar ɗorawa da kuka da tsamiya. A irin waɗannan duwatsu kuwa ake samun ararraɓi da baure mai cusa saiwarsa cikin tsaguwa, da inuwar da damo da tsuntsaye ke fakewa.

Tsibirai na ruwa ma muna da su a kusa. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta tare Kogin Kano ta haifar da tafki mai faɗin murabba'in kilomita 178. Da ruwa ya cika, wasu tuddai da duwatsu suka rage a tsakiyarsa. Daga wajen Rurum, a ƙaramar hukumar Rano, ana iya zuwa bakin tafkin. Gaba da shi ta kudu akwai dajin Falgore, daji mafi girma da ya rage a jihar.

Me ya sa wannan kamanni da tsibiri ya dame mu? A 1967 wasu masana biyu na Amurka, Robert MacArthur da Edward Wilson, suka nuna cewa ƙaramin tsibiri mai nisa da babbar ƙasa ba ya riƙe nau'o'in halittu da yawa, kuma abin da ya ƙare a cikinsa yana da wuyar dawowa, domin babu maƙwabcin da zai kawo iri. Haka dutse yake a tsakiyar gonaki. Idan masu itacen girki da gawayi suka sare itatuwansa, ruwan sama zai wanke 'yar ƙasar da ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana taruwa, ya bar falalen dutse. Idan masu fasa tsakuwa suka cinye shi kuwa, babu mai sake dasa dutse. Mun san buƙata ce take kai mutane wurin, amma asarar ta kowa ce.

Akwai aikin da ɗalibai za su iya. Ƙungiyar labarin ƙasa ta kowace makaranta a Rano da Kibiya ta zaɓi dutse ɗaya na kusa. A je da malami da dattijon da ya san sunayen itatuwa, a ƙirga su a rubuta, sau ɗaya da damina, sau ɗaya da rani. A ajiye littafin ga 'yan ajin baya su ci gaba. Nan da shekara biyar makarantar za ta iya nuna wa dagaci da hakimi, da alƙaluma a hannu, ko dajin dutsen yana ƙaruwa ko yana ƙarewa.