Amon da Ke Ratsa Bango: Nasiha Kan Sayen Ampili da Akwatin Gitar Bas

Ya ku 'yan'uwa mazauna Zongon Kwatano da kewaye. Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar nan a daren biki ya san sauti iri biyu ne: akwai wanda kunne ke ji, akwai wanda ƙirji ke ji. Muryar mawaƙi da zaƙin gita suna tsayawa a bakin ƙofa idan an rufe ta. Amon gitar bas kuwa ba ya neman izini. Yakan ratsa bango, ya girgiza kwanon rufi, ya iske tsohuwa a kan shimfiɗarta. A kan wannan amo nake son mu yi magana, da na'urorin da ke fitar da shi, wato ampili da akwatin lasifika, wanda mu a nan muke kira bafil.

Ni ba makaɗi ba ne. Aikina riƙe littafi da alƙalami a zauren dattijon da nake yi wa magatakarda. Sai dai takardu iri biyu sun daɗe suna haɗuwa a gabana. Ɗaya ita ce takardar gudummawar da matasa ke tarawa don sayen kayan sauti da za su riƙa bayarwa haya a bukukuwa. Ɗayar kuma ƙarar maƙwabta ce, cewa an hana su barci. Da na dube su da kyau, sai na ga tushensu guda: ana sayen kaya da ido, ana duban girman akwati da yawan lambar da aka manna masa, ba a duban ko ya dace da ɗan'uwansa da kuma filin da za a kafa shi. Kuɗin jama'a na ƙonewa, mutuncin unguwa na zubewa. Wannan ne ya sa na zauna da masu gyaran rediyo da makaɗa, na yi tambaya, na rubuta.

Son amo mai nauyi ba baƙo ba ne a wurinmu. Tamburan sarakunan Hausa an yi su ne don a ji su daga nesa, kuma ganga ita ke riƙe ƙafar mai rawa. Masu masaukinmu ma haka suke: ƙungiyar Poly-Rythmo ta Kwatano, wadda ta tashi tun shekarun 1960, ta ɗauki kiɗan sato da sakpata ta ɗora su kan kayan lantarki, gitar bas ta Gustave Bentho tana riƙe da gindin kiɗan. Ita gitar bas ta lantarki Leo Fender ne ya yaɗa ta a Amurka a 1951 da samfurin Precision Bass, kuma a 1952 ya fitar mata da ampili nata na kanta mai suna Bassman, domin ampilin gita na yau da kullum ba ya iya ɗaukar nauyinta.

Ga dalilin. Tsirkiyar da ta fi kauri a gitar bas mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa guda, ta biyar kuwa, a masu tsirkiya biyar, kusan sau 31. Igiyar sautin da ke fita daga kaɗawa 41 tsawonta ya haura mita 8, ya fi faɗin yawancin ɗakunanmu. Kafin a tura iska mai wannan yawa, dole faifan lasifika ya yi ta kai da komowa mai nisa, kuma dole ampili ya ba shi ƙarfi mai yawa. Shi ya sa lasifikar ƙaho, irin wadda ake ɗaurawa a saman hasumiya ko a kan motar shela, ba ta da amfani a nan: an yi ta ne don muryar mutum, idan aka ɗura mata bas sai ta yi ƙara ta mutu. Tsawon igiyar nan kuma shi ne ya sa bango ba ya tare ta.

Abu na farko da mai saye zai yanke shi ne siffar kayan. Akwai wanda aka haɗa ampili da lasifika a akwati guda. Wannan ya wadatar ga ɗalibi mai koyo a ɗaki, da ƙaramin taro a tsakar gida. Akwai kuma wanda kan ampili daban, akwati daban. Ga ƙungiyar da ke fita haya, na biyun ya fi, domin idan ɗaya ya lalace ba a rasa duka ba, kuma ana iya tafiya da akwati ɗaya ƙaramin biki, biyu babban biki.

Abu na biyu shi ne lambar wat, kuma nan ne ake yawan cutar mutane. Wata rana na raka matasanmu wani shago, ni ne mai riƙe da jakar kuɗi. Mai shagon ya nuna mana wani akwati mai walƙiya da aka rubuta wa dubban wat a gaba. Wani yaro daga cikinsu, wanda ke koyon gyaran lantarki, ya ce mini: "Baba Malam, a juya bayansa mu gani." Da aka juya, sai ga lambar wutar da na'urar ke sha daga soket ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka rubuta a gaba ba. Na ce masa: "Ɗana, tulu ba ya zubar da ruwan da ya fi wanda aka zuba masa." Muka yi sallama muka fita. Lambar da ake dogara da ita ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a dawwame. Wadda aka rubuta PMPO ado ce ta kasuwa.

Ko lambar gaskiyar ma, a san iyakarta. Ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙara sau biyu a kunne. Ƙarin desibel 3 kawai yake kawowa, abin da kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin mutum ya ji sauti ya ninka, sai an ninka ƙarfin kusan sau goma. Saboda haka wanda ya sayar da ampilin wat 300 ya ciwo bashi ya sayi na wat 500, ya sayi ƙarin da da ƙyar za a lura da shi. Sau da yawa ƙara akwati na biyu ya fi ƙara wat amfani, domin yana ƙara faɗin abin da ke tura iska. Ga mai kiɗa tare da mai ganguna a fili, wat 300 zuwa 500 da akwati mai kyau sun isa.

Abu na uku shi ne om, ma'aunin turjiyar da akwati ke yi wa wutar ampili, kuma shi ne ya fi kashe kayan matasanmu. Akwatunan bas yawanci om 8 ne ko om 4. A bayan kowane ampili an rubuta mafi ƙarancin om da yake iya ɗauka, galibi 4. Lissafin kuwa baibai yake tafiya: idan aka jona akwati biyu masu om 8 yadda aka saba jona su, jimillar takan sauko ta zama 4, ba ta hau 16 ba. Biyu masu om 4 kuma su zama 2. Wanda ya ɗora om 2 a kan ampilin da iyakarsa 4 ya ɗora wa jaki kayan raƙumi: zai yi zafi, ya ɗauke, wata rana ya ƙone a tsakiyar biki. Na ga an yi wannan asara don kawai an ari akwatin maƙwabci an ƙara ba tare da an karanta bayansa ba. Tsofaffin ampili masu kwan fitila a ciki kuma suna da nasu sharaɗi: ba a kunna su sam sai an jona musu akwati.

Sai girman lasifika da nauyin akwati. Ana auna faifan da inci: 10, 12, 15, 18. Akwati mai lasifika huɗu 'yan inci 10 yana da kaifi, yana fitar da kowane taɓi a fili. Mai guda ɗaya ta inci 15 yakan ba da amo mai taushi. Amma ginin akwatin da ingancin katakonsa suna da tasiri kamar girman faifan, don haka kunne ne alƙali. Matasa da yawa suna mafarkin Ampeg SVT, wanda ya fito a 1969 da ƙarfin wat 300 da akwatinsa mai lasifika takwas. An yi shi ne don manyan dandamali. Kansa kaɗai ya kusa kilo 40, akwatin ya haura kilo 60. Wa zai ɗora wannan a kan zemijan ya kutsa lungunanmu? A yau akwai kanun ampili na zamani masu ba da wat 500 da nauyinsu bai wuce kilo 2 ko 3 ba. Kayan da mutum biyu ba za su iya ɗauka ba, kuɗin dakonsa zai cinye ribarsa.

Yawancin abin da muke saye na hannu ne. Mutanen Nijeriya ma "ɗan Kwatano" suke ce wa abin da ya sauka a tasharmu ta jiragen ruwa, mu kuma wasunmu sukan tsallaka Seme su tafi kasuwar Alaba ta Legas. Ko ina ne, kada a biya sai an gwada. A ɗora yatsu a kewayen tsakiyar faifan a danna a hankali: idan aka ji karta, wayar cikinsa ta ƙone ko ta karkace. A taɓa ƙaramin batir a wayar akwatin: dole dukkan faifan su motsa gefe guda a tare, idan ɗaya ya fito ɗaya ya shige, suna cinye amon junansu. A je da gitar, a kaɗa tsirkiya mafi kauri da ƙarfi, a saurari ko katako na rawa. Sannan a duba lambar wuta: tamu 220 ce, kayan Amurka kuwa na 120 ne, kuma soket ɗaya ya isa ya hallaka su idan babu taransifoma. Araha ba ta ado.

Bayan saye sai riƙo. Garinmu yana zaune ne a kan rairayi tsakanin teku da tafkin Nokoué, iskarsa da gishiri, ƙasarsa da danshi. Gishiri na cin bakin wayoyi, danshi na sassauta takardar faifai da gam ɗin katako. Daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin manyan ruwaye, kada akwati ya kwana a ƙasa; a ɗora shi kan benci, a rufe shi. Da hunturu kuma a kakkaɓe ƙurar da ke toshe fankar ampili. A sa na'urar daidaita wuta tsakaninsa da soket, ko wutar SBEE ce ko ta janareta. Idan janareta ce, a bari ta daidaita tukuna. Ampili shi ne na ƙarshe a kunnawa, na farko a kashewa. Wayar da ke tsakanin gita da ampili ba ita ce ta tsakanin ampili da akwati ba. Ta biyun mai kauri ce, ba a musanya su. Jar fitilar da ke ƙiftawa a gaban ampili kuwa gargaɗi ce cewa an kai shi iyaka, kuma daga nan lasifika ke fara ƙonewa.

Na zo kan abin da ya fi damuna. Makaɗin da ke tsaye dab da akwatinsa sau da yawa ba ya jin kansa sosai, domin faifan na bugun gwiwarsa ne, kunnensa na sama. Sai ya ƙara murɗa maɓallin amon ƙasa, alhali wanda ke can bayan gida uku tuni tagarsa ke rawa. Maganin a nan ba ya cin ko dala. A ɗaga akwatin ko a ɗan kishingiɗa shi ya fuskanci kunnen makaɗi. A rage amon ƙasa, a ƙara na tsakiya, domin da shi ne kunne ke rarrabe taɓi daga taɓi. A janye akwati daga kusurwa da jikin bango, domin suna ƙara masa gurnani, kuma bangon nan na wani ne. Sannan a aiki mutum ya tsaya a ƙarshen rumfa ya saurara: idan ba ya fahimtar kalmomin mawaƙi ko kirarin maroƙi, bas ya wuce gona da iri. Kiɗanmu na magana ne. Amon da ya danne magana ya ɓata bikin da aka ɗauko shi ya ƙawata.

Mu tuna a inda muke. Katangarmu ɗaya da Fon da Gun da Yarabawa da Dendawa, kuma abin da yaro ɗaya ya yi da maɓallin ampili, sunan Hausawan Zongo duka ake kira da shi. A 2022 gwamnati ta fitar da dokar hayaniya da ta tsaurara a lokacin hutun rana da cikin dare, kuma ba daɗi dattijo ya tashi da furfurarsa yana ba da haƙuri a kan abin da ake iya kaucewa. Kunnuwan 'ya'yanmu ma amana ne: masana lafiya sun ce awa 8 ita ce iyakar zama cikin ƙarar desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Don haka, ya ku iyayen ƙungiyoyi, kafin ku sa hannu a fitar da kuɗi, ku nemi a kawo muku lambobi uku a rubuce: wat na gaskiya, om ɗin ampili da na akwati, da ƙarfin wutar da na'urar ke ɗauka. Ku kuma matasa, ku naɗa mutum ɗaya mai hankali ya zama shi kaɗai ke taɓa maɓalli, ya san ƙarfe nawa ake ragewa da ƙarfe nawa ake kashewa. Allah Ya sa albarka a sana'arku, Ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu.